Layin 'Yan Haya a Kakuri

Mutanen da ke filin firamare ran nan har yau ina iya jera su ɗaya bayan ɗaya. Akwai ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓarmu, riƙe da lasifikar da ba ta magana sai an mare ta. Akwai baƙi biyu da aka turo daga sama su ƙirga kawuna. Akwai Dattijo, wato dattijon cocinmu, wanda kuma shi ne mai gidan da nake haya a Kakuri, da ɗan ƙaninsa da ke neman kujerar kansila. Akwai sauran masu gidajen haya na unguwar, kowa da tumbinsa. Akwai Uwar Zumunta, shugabar matan cocinmu. Akwai mai facin taya ɗan Binuwai, wanda ƙofar ɗakinsa ke kallon tawa, shi da matarsa. Akwai Malama, 'yar marigayiya maƙwabciyata, wadda ita ma kujerar kansilar take nema. Sai ni. Sauran jama'ar da suka cika filin 'yan haya ne irina, da 'yan keke mai ƙafa uku, da matan kasuwa, da samarin nan da ba a rasa su duk inda aka kafa rumfa.

Tun kafin ranar Dattijo ya aiko mana saƙo ta bakin dillalinsa: duk ɗan hayar da ya tsaya bayan Malama, ya fara neman inda zai sa kayansa. Saboda haka ba da ka na je filin ba. Na san ɗakina na ɗauka na tafi da shi.

Kada wani ya ce mini ai ɗaki ɗaki ne. Cikinsa aka sauke ni ina amarya daga ƙauye, lokacin mijina yana aiki a masaƙa, lokacin da jiniya ke tashin Kakuri kaf da asuba, titi ya cika da maza masu kekuna. Cikinsa na haifi 'ya'yana. Cikinsa mijina ya kwanta jinya bayan an rufe masaƙar, daga cikinsa aka fitar da shi. A ƙofar gidan nake sayar da gawayi, kuma duk wanda ya san ni, a nan ya san ni. Tsohuwa mai gawayi in ta bar bakin ƙofar da aka san ta, ba ɗaki kaɗai ta bari ba, ta bar abincinta.

Mahaifin Dattijo ne ya gina gidan da gumin masaƙa. Shi da kansa yake zuwa ƙarshen wata, ya zauna a tsakar gida, ya sha kunu, ya karɓi abin da ya samu. Ba waliyyi ba ne, yana da faɗa, amma ya san sunan kowane yaro a gidan. Da ya rasu gida ya koma hannun ɗansa, sai aka kawo mana dillali. Hayar wata ta koma ta shekara. Shekara ba ta juyowa sai an ƙara. Rijiyar gidan ta rufta, aka rufe bakinta da tsohuwar ƙofa, muka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Kwatar layinmu ta toshe, in an yi ruwan sama sai ka ga takalman yara suna yawo a tsakar gida. In ka yi magana dillali ya ce, "Mama, akwai masu jira a waje." Ba ƙarya yake yi ba, akwai su.

Sai kuma abin da suke kira gyara. Wanda bai zauna gidan haya a gefenmu ba ba zai san shi ba. In mai gida yana son ka tashi, kuma ba ya son wahalar kotu, ba ya zaginka, ba ya ɗaga murya. Sai ya bari damina ta zauna sosai, ya turo kafinta ya ce za a yi maka gyara. Kafinta ya hau ya ɓalle kwanon da ke saman ɗakinka kaɗai, ya sauko ya ce bari ya je sayen ƙusa. Ƙusar nan ba a taɓa samunta a kasuwa.

Haka aka yi wa wata 'yar Filato a gidanmu, mai goyo, mijinta mai gadi ne. Na ga katifarta ta sha ruwa har ta fi ƙarfin mutum biyu. Na ga ta tsaya a baranda da jariri a baya, tana riƙe da tukunya, ba ta san ma inda za ta ajiye ta ba. Kuma ranar Lahadin makon Dattijo ne ya yi mana addu'ar baiko a coci, muryarsa har da rawa.

Malama ce ta kawo tamfol aka rufa wa matar kayanta. A gidanmu aka haifi Malama, ni na yi mata wankan farko, da uwarta ta rasu kuma ɗakina ta fi zama. Ta yi karatu, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, tana haya a layin bayanmu. Da yammacin ranar ta zo ta same ni ina ƙulla gawayi a leda, ta zauna a kan buhu da tufafinta masu kyau.

Ta ce, "Mama, zan nemi kansila."

Na ce, "Kin ci abinci yau? Yunwa ce ke sa mutum irin wannan magana."

"Da gaske nake, Mama."

"To, kansila yana da ikon hana mai gida ƙara haya?"

Ta ce, "Shi kaɗai ba shi da shi."

Wannan amsar ce ta sa na ajiye ledar na saurare ta. Na ga 'yan takara da yawa a Kakuri. Babu wanda ka taɓa tambaya ko yana da ikon abu ya ce maka a'a. Wani ya ce mana zai buɗe masaƙa. Wani ya ce zai kawo mana jirgin ƙasa har bakin kasuwa. Mun yi musu guɗa, sun ci, sun tashi daga unguwar. Ita kuwa cewa ta yi kansila yana iya kai magana majalisar ƙaramar hukuma a hana cire rufi a kan mutum, a sa mai gida ya ba ɗan haya lokaci. Yana iya tsayawa a kan aikin mazaɓa har a haƙa bohol, a yashe kwata. In an ci zalin ɗan haya, a samu wanda zai raka shi inda ake kai ƙara, ba ya tafi shi kaɗai da rawar baki ba. Ta ce mutanen da suke share garin nan, suke gadinsa, suke tuƙa shi, suke koyar da 'ya'yansa, kullum ana tura su bayan gari, sai ka ga mutum rabin abin da ya samu ya ƙare a kuɗin mota.

Na ce, "To. Amma wannan Turancin da kike zuba wa mutane kamar rediyo, ki bar shi a makaranta. Ki bi gida gida, ki durƙusa ki gaida manya, ki yi musu Hausa. Kuma ki daina duba wayarki in tsoho yana magana."

Ta ji, ba duka ba. Wayar dai ba ta daina ba. Amma ta bi gidajen, ƙafarta ta san kowane lungu daga bakin titi har bakin rafi. Ba ta da shinkafar rabawa, ba ta da atamfa. Matan zumunta da kansu suka haɗa hannu suka ɗinka anko, ruwan ɗorawa mai zanen ganye. A ɗakina Uwar Zumunta ta zauna a bakin gado ta daki ƙirji ta ce, "Yarinyar nan tamu ce. Ranar nan mu za mu fara tsayawa, maza su biyo baya in suna da kunya." Muka ce amin.

Da masu gidaje suka ga maganar ta fara shiga kunnen mutane, sai suka fito da ɗan ƙanin Dattijo. Yaro ne mai ladabi a baki, ban taɓa jin ya zagi kowa ba, ban kuma taɓa ganin ya ɗauki bokiti ba. Daga nan aka sanar cewa zaɓen fid da gwani na jam'iyya ƙato bayan ƙato za a yi. Babu takarda, babu akwati. Ɗan takara ya tsaya a gaba, masu sonsa su yi layi a bayansa da rana tsaka, a bi ana taɓa kai ana ƙirgawa. Ciyaman ya ce wannan shi ne adalci, don ba a satar kan mutum. Gaskiya ne, ba a sata. Amma wanda ya ƙirƙiro wannan tsarin, na tabbata a gidan kansa yake kwana.

Ana gobe zaɓe ɗana ya zo daga unguwar Television, inda yake haya ɗaki ɗaya shi da matarsa da yaransu. Ko zama bai yi ba.

"Mama, kada ki je. Ki ce ƙafarki ce ta tashi. Kowa ya san kina ciwon ƙafa."

"Ƙafata lafiyarta ƙalau wannan makon."

"In ya kore ki, ina zan sa ki? A ƙarƙashin gado?"

"Na ce ka sa ni wani wuri?"

Ya riƙe kai. Ba zan ce bai da gaskiya ba. Yaro ne mai tunani, kuma shi zai ji kunya in aka ga kayana a titi. Amma na riga na ce wa yarinyar zan zo.

Ranar Asabar da safe muka fito cikin anko, layinmu ya yi kyau kamar ranar bikin girbi a coci. Matar mai faci har da jan baki. Muka isa fili muna waƙa. An kafa rumfa a gefe guda don manya, an zuba farar ƙasa a wuri biyu inda 'yan takara za su tsaya. Na duba na ga mu ne da yawa. Na rantse da abin da idona ya gani, da a lokacin aka ƙirga, da wani labari nake ba ku.

Amma ba a ƙirga ba. Aka ce ana jiran baƙi. Baƙi suka zo, aka ce ana jiran lasifika ta gyaru. Rana ta hau. Ina tsaye ina kallo, don ni ba na zama a irin wannan wuri, sai na ga wata motar ɗaukar kaya ta shigo da kujerun roba. Na ɗauka rumfa za a kai su. Ina! Aka jera su a rana, daidai gefen da layin Malama zai bi, kusa har mai zama zai iya miƙa hannu ya taɓa zanen mai tsayuwa. Masu gidaje suka taso daga inuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da lemarsa, suka zauna. Dattijo ya ɗauki ta farko.

Ba su yi wa kowa tsawa ba. Gaisuwa kawai suke yi. Da ciyaman ya mari lasifika ya ce a yi layi, muka taso, sai na ji muryar Dattijo, mai taushi, irin wadda yake karanta sanarwa da ita a coci.

"A'a, maman 'yan biyu, kin fito? Sannu da rana. Yaya ɗakin, ba ya zuba dai ko?"

"Tela, kai ma kana nan? Madalla. Ka tuna mini Litinin mu yi maganar shagon nan."

Na kusa da shi kuma yana yi wa nasa masu hayar haka. Kowane ɗan haya da ya zo wucewa sai an kira shi, an tambaye shi lafiyar yara da lafiyar rufi. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Mata suna buɗe jaka suna fito da wani zane suna ɗaurawa a kan ankon. Ashe da shi suka taho! Tun daga gida, muna waƙa muna tafi, zanen yana naɗe a jaka. Ruwan ɗorawan nan ya riƙa ɓacewa a idona kamar ana kashe fitilu. Wata ta sunkuya kamar tana gyara takalmi, da ta ɗago sai ga ta a ɗaya layin.

Uwar Zumunta tana gabana. Ta juyo ta ce, "Mama, riƙe mini wuri, bari in zaga bayan aji."

Na riƙe mata wuri. Har yau ina riƙe da shi. Can na hango ta a layin yaron, da shuɗin zane, tana yi wa wata fifita da gefen gyale.

Wannan ita ce ta fi ƙona mini rai, kuma ba zan ɓoye ba. Maman 'yan biyu ina gane ta. Tela ina gane shi. Amma Uwar Zumunta gidan kanta take zaune a bayan coci, mijinta ya gina ya bar mata, babu kafintan da zai hau mata rufi. Me ta ji tsoro? Kada dattawan coci su daina kiranta teburin gaba ranar taro. Shi ke nan abin da ta sayar da mu a kansa.

Mai faci yana bayana, matarsa tana jan rigarsa.

Yana cewa, "Sake ni, mace! Ni namiji ne, a nan zan tsaya."

Ta ce, "Namiji? To namiji, in an cire kwanon sai ka rufa mana tsohuwar taya."

Mutane suka yi dariya, har masu kujeru. Ya daɗe yana tsaye, gumi yana bin wuyansa. Daga baya ya matso kunnena ya ce, "Mama, yarana ƙanana ne."

Na ce, "Je ka, ɗana. Ban riƙe ka ba."

Ya tafi kansa a ƙasa. Shi kaɗai ne cikin duk waɗanda suka bar layin ya yi mini sallama, kuma shi kaɗai nake amsa gaisuwarsa da dukan bakina har yanzu.

Sai Dattijo ya ɗaga lema ya dube ni.

"Mama, rana ta yi miki yawa. Zo ki zauna a kujerata ki huta."

Na ce, "Na gode, Dattijo. Ka zauna abinka, kai ka sha wahalar kawo ta."

Ɗan ƙanin nasa ya baro gaban layinsa da gudu, ya zo ya rusuna. "Momi, ba nan ba ne wurinki. Zo in kai ki, an ajiye miki ruwan sanyi."

"Allah ya yi maka albarka. Koma, kada mutanenka su ga ka bar su."

Malama tana gaba, ta ba mu baya, haka tsarin yake. Ba ta ganin abin da ke faruwa, amma tana jin waƙa ta mutu, tana jin takun mutane yana nisa. Ta waiwayo, idonta ya sauka a kaina, ya sauka a kan Dattijo. Fuskarta ta canza.

Ta ce a hankali, "Mama, ki koma can. Don Allah. Na san zuciyarki. Ɗakinki."

Na ce, "Ke! Wa ya ce ki waiwayo? Juya ki dubi gabanki, ki miƙe wuyan nan."

Ta juya. Ta miƙe wuyanta.

Baƙin suka biyo layi suna taɓa kawuna. Namu bai ba su wahala ba. Akwai 'yan keke da suke kwana a gareji, akwai matan kasuwa da masu gidajensu suke nesa, akwai wasu malaman makaranta, akwai 'yar Filato da goyonta, wadda ta taso tun daga inda ta koma don ta tsaya, ita da ba ta da sauran rufin da za a cire mata. Da hannun baƙon ya sauka a kan ɗankwalina, Dattijo ya naɗe lemarsa, ya tashi ya koma inuwa.

Yaron ya ci. Aka buga ganga, aka ɗaga shi sama, ya karɓi lasifika ya yi ta Turanci, ya ce zai mai da Kakuri abin kallo. Waɗanda suka fi kowa guɗa su ne masu zane biyu a jiki. Malama ta je ta miƙa masa hannu, abin da ni ba zan iya ba, ta dawo ta raka ni gida. A ƙofar gida ta fara, "Mama, ni na jawo miki," na ce ta tafi ta wanke fuska, jibi tana da yara a aji.

Wajen la'asar ina zaune a ƙofar ɗaki sai ga Uwar Zumunta, ta koma cikin ankonta, ko kunya babu. Ɗana yana biye da ita, ashe ita ta kira shi a waya. Matar mai faci ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofarta.

Uwar Zumunta ta zauna ba a ba ta wuri ba. Ta ce, "Mama, mu gode wa Ubangiji, na yi miki aiki. Daga wurin Dattijo nake. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce Litinin kafinta zai zo. Na durƙusa masa, na ce wannan uwa ce. Ya sauko. Ya ce shi ma ba ya son a ce ya kori tsohuwar da ta san mahaifinsa."

Na ce, "To."

"Abu kaɗan ne. Gobe kafin sujada zan zo in ɗauke ki mu je gidansa, dattawa biyu za su kasance a wurin. Ki durƙusa ki ce kuskure ne. Ki ce ke tsohuwa ce, ba ki yi makaranta ba, rana ta buge ki, kika ga layi kika shiga, ba ki san na wane ne ba. Shi ke nan, magana ta mutu, ɗaki naki ne."

Na dube ta. Na daɗe ina dubanta, har ta fara gyara ɗankwali.

Na ce, "Maimaita mini wurin makarantar nan."

"Haba Mama, ai hanya ce kawai aka nema miki. Kowa ya san ba ki yi karatu ba, babu wanda zai ga laifinki."

Ban yi makaranta ba, gaskiya ne. Ban taɓa ɓoyewa ba, ba na kuma jin kunyarsa. Amma karatun me ake bukata kafin mutum ya gane ƙeyar yarinyar da ya yi wa wankan farko? Su da suka yi karatun, suka san layin sarai, suka gudu daga cikinsa, su ne masu hankali. Ni da na tsaya inda na ce zan tsaya, ni ce za a kai gaban dattawa a ce ruɗewa na yi. Wato bai ishe su a ce mun faɗi ba. So suke a ce ko ɗan layin da aka gani, rabinsa tsofaffi ne da rana ta buga.

Na faɗa mata haka, da abin da ya fi haka. Na tambaye ta shuɗin zanen da ta ɗaura a fili, a bayan aji ta tsince shi? Matar mai faci ta toshe baki ta shige ɗaki. Uwar Zumunta ta miƙe ta ce ita dai ta yi don Allah, gobe za ta zo duk da haka, in kwana in yi tunani.

Da ta fita ɗana ya durƙusa a gabana, babban mutum mai 'ya'ya.

"Mama, kalma ɗaya ce. Ki faɗa da baki, zuciyarki ta san gaskiya. An riga an ci zaɓen, tsayuwarki ba za ta dawo da shi ba. Me za ki samu?"

Wannan tambayar ta fi ta Uwar Zumunta nauyi, don shi saboda ni yake yi. Ban amsa masa da faɗa ba. Na dubi ɗakin. Na dubi inda gadon ubansa yake, da tabon hayaƙin fitila a bango tun na zamanin da ba mu da lantarki. Na san a shekaruna sabon wuri ba wasa ba ne, sabon maƙwabci, sabuwar kwata, masu sayen gawayi da ba su san ni ba. Na san kuma in na durƙusa, kafin a tashi sujada labari ya gama unguwa: ko matar da ta raini Malama ma ta ce kuskure ta yi. Yarinyar nan za ta ji shi a bakin 'yan ajinta. Kuma duk ɗan hayar da ya ga na tsaya, ya ji wani abu ya motsa a ransa, zai ce ashe ita ma ta je ta ba da haƙuri.

Na ce masa, "Tashi, kana ɓata wandonka. Je ka gida, yara suna jira."

Washegari na tashi da wuri na share ɗaki da tsakar gida har bakin ƙofa, kamar kullum. Na yi wanka na sa kayan coci. Uwar Zumunta ta ƙwanƙwasa, ta gan ni a shirye, fuskarta ta washe. Muka tafi tare, tana ta koya mini yadda zan fara. Mun sami Dattijo a barandarsa da dattawa biyu, ana shan shayi, an shimfiɗa tabarma a gabansu.

Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na tambayi iyali, a tsaye. Uwar Zumunta tana jan zanena ta baya.

Na ce, "Dattijo, an ce kana jiran magana daga bakina, shi ya sa na zo da kaina. Layin da ka gan ni jiya, na san na wace ce. Da idona biyu na shiga. Kada ka wahalar da kafinta, ka bar kwanon a inda yake. Ka ba ni zuwa ƙarshen wata, za ka sami ɗakinka a share."

Ɗaya dattijon ya ajiye kofi ya ce, "Haba Mama, a zauna mana a yi magana."

Na ce, "Na gama tawa, Baba. A yi sujada lafiya."

Ban bi hanyar coci ba. Na fita bakin titi na tsai da keke, na ce ya kai ni unguwar Trikania, inda na ji an ce wata mata tana da ɗaki a bayan gidanta. Na same ta tana wanke wa jikokinta fuska. Bayan mun gaisa na ce mata ɗaki nake nema, ni kaɗai ce, gawayi nake sayarwa, kuma daga Kakuri aka tashe ni saboda layin da na tsaya jiya, gara ta ji daga bakina. Ta dube ni sama da ƙasa, ta goge hannu a zane, ta ce in zo in ga ɗakin tukuna, ƙofarsa tana da matsala. Na bi ta.